Daga Kwata Zuwa Tukunya: Yadda Kullen Korona Ya Tsinke Igiyar Abinci a Zariya

Mahauci ba ya kayar da sa sai ya san bakunan da za su ci. Wanda ya yi yanka da asuba a kwata ya san kafin la'asar dole tsoka ta ƙare a kan tebur, kayan ciki su tafi wurin masu tuwon sayarwa da masu farfesu, kai da ƙafa su sami mai babbaka, abin da ya yi saura kuma mai tsire da mai balangu su kwashe kafin magariba. A garin da wutar lantarki ba ta da alkawari, nama ba ya kwana. In mutum ɗaya cikin wannan jerin ya ƙi zuwa, an yi asara kaɗan. A ƙarshen watan Maris na 2020 sai dukansu suka ƙi zuwa rana ɗaya.

An tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu, a Legas. Kafin wata ya zagayo Jihar Kaduna ta sa dokar kulle, ran 26 ga Maris, ta ma riga Legas da Abuja waɗanda nasu ya fara ran 30. Ran 28 ga Maris Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya sanar cewa shi kansa ya kamu. Sai ran 9 ga Yuni aka sassauta, bayan kwana 75. A tsakani ana buɗe gari kwana biyu a mako don cefane, manyan kasuwanni na garƙame, an mai da harabar wasu makarantu kasuwar unguwa.

Ina da maƙwabci mahauci a Tudun Wada, fawa gadonsa ce tun kaka da kakanni. Da na gan shi zaune a ƙofar gida da hantsi, wuƙaƙe a naɗe cikin buhu, na ce, "Baba, yau fa an buɗe, ba a fita ba?" Ya ce, "Malam, ran da aka buɗe kowa awo yake nema. Wanda ya yi kwana biyar bai fita nema ba, wa ya ga ya tsaya gaban teburin nama?" Shi da a da yake sayar da sa guda shi kaɗai, sai da suka koma su huɗu suna haɗa kuɗi su yanka ɗaya, kamar masu watanda, kuma duk da haka wani lokaci da saura.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne korona ba ta kama masara, ba ta kama saniya. Mu nan mun san annobar da ke shiga garke kai tsaye. Dattawan Fulani ba su manta bushiyar da ta share shanu a 1983 ba. Murar tsuntsaye kuwa, wurin da aka fara tabbatar da ita a duk Afirka, a watan Fabrairun 2006, wata gonar kaji ce a Jaji, nan kan hanyarmu ta zuwa Kaduna. Irin waɗannan ana ganin gawa, ana iya ƙirgawa. Annobar mutane kuwa ɓarnarta a ɓoye take: gona na nan, garke na nan, amma hannun da ke aiki ya tsaya, motar da ke ɗauka ta tsaya, kuɗin da ke saye sun ƙafe. Abinci sai ya ruɓe a wani gari alhali ana kwana da yunwa a wani.

Tumatir ne ya fara nuna haka. Kullen ya faɗo daidai ƙarshen noman rani, lokacin da fadamun Galma da lambunan wajen Hunƙuyi da Kudan ke fitar da kwanduna. Yawancin wannan kaya ba Zariya ke cinye shi ba, Kudu yake tafiya, kasuwar Mile 12 a Legas da su Ibadan da Fatakwal. Daga nan zuwa Legas tafiya ce ta fiye da kilomita 800, kuma direban kayan gwari da dare ya fi son gudu, saboda sanyi da ƙarancin motoci. A takarda, gwamnati ta ce motocin abinci su wuce. A kan titi kuwa kowace jiha da tata dokar, kowace iyaka da nata shingen, kuma mai bindigar da ke tsaye a wurin ba lalle ya karanta takardar ba, ko ya karanta yana jiran na goro. Daga 4 ga Mayu aka ƙara da dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe a duk ƙasa, tare da dokar hana zirga-zirga tsakanin jihohi, wadda ita ba a ɗage ta ba sai 1 ga Yuli. Motar da ta kwana a shinge, rana ta buɗe a kanta, rabin kayanta ruwa ne yake tsiyaya ta ƙasan bodi. Da dillali ya ƙone sau ɗaya sau biyu sai ya daina zuwa bakin lambu. Mai lambu ya rasa mai tayawa, sai ya yanka ya shanya a ƙasa ya mai da shi kauɗa, matar Legas kuma tana kukan tsadar kayan miya. Duka biyun gaskiya suke faɗa.

Shanu ma hanyar nan suke bi, a tsaye cikin tirela, an cusa su ƙaho na gogar ƙaho. Kowace ƙarin rana a hanya rama ce, wani lokaci mushe. Da aka rufe kasuwannin mako irin su Anchau da Giwa da Maƙarfi, Bafulatanin da ke sayar da ɗan maraƙi ya sayi hatsi da kanwa ya rasa inda zai kai, falke ya rasa inda zai saya, ɗan kamisho da mai ja da mai lodi kowa ya koma gida hannu rabbana.

A nan yana da kyau a leƙa yadda abin ya kasance a ƙasashen da muke ganin sun gama tsara komai, domin wurin nama ne suka fi jin jiki. A Amurka kamfanoni huɗu ne ke yanka kusan kashi 85 cikin 100 na shanun da ake turkewa don nama. Mayankarsu ɗaya tana ɗaukar ma'aikata dubbai, suna tsaye kafaɗa da kafaɗa a bakin bel mai gudu, kowa da yanka ɗaya da yake maimaitawa daga safe har yamma. Ɗakin a rufe yake, an sanyaya shi don kada nama ya lalace, injuna na ƙara har sai mutum ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji. Da yawa daga cikin ma'aikatan baƙi ne daga wasu ƙasashe da 'yan gudun hijira, suna cunkushe a gida ɗaya, suna zuwa aiki a mota ɗaya, kuma wanda ya kwanta ciwo ba shi da tabbacin albashi. In an ce a zauna a tsara wurin da cutar numfashi za ta ji daɗin yaɗuwa, da wuya a fi wannan. A watan Afrilun 2020 aka rufe mayankar aladu ta Smithfield a garin Sioux Falls, wadda ita kaɗai ke fitar da kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na naman alade a ƙasar, bayan ɗaruruwan ma'aikatanta sun kamu. Wasu suka biyo baya. Ran 28 ga Afrilu Shugaba Trump ya sa hannu a dokar da ke neman mayankun su ci gaba da aiki. Daga baya wani kwamitin majalisar wakilan ƙasar ya gano cewa a shekarar farko ma'aikata aƙalla 59,000 na manyan kamfanonin nama biyar sun kamu, 269 sun mutu.

Abin da ya biyo bayan rufewar shi ne abin mamaki. Dabbar da aka yi kiwonta da lissafin kwanaki, in ranar yankanta ta zo dole ta fita, don 'yan bayanta na jiran ɗakin. Da mayanka ta rufe sai makiyaya suka riƙa kashe aladu da kaji suna binnewa, masu madara na tuttular da ita, a daidai lokacin da motoci ke jere a layin karɓar abincin sadaka. Farashin sa a hannun makiyayi ya faɗi, farashin nama a kanti ya hau. Jamus ma ta ɗanɗana a watan Yuni, lokacin da fiye da ma'aikata 1,500 suka kamu a mayankar Tönnies, akasarinsu 'yan ƙwadago daga gabashin Turai, har aka sake kulle gundumar baki ɗaya. Abin ya kai ƙasar ta hana ɗaukar ma'aikatan yanka ta hannun 'yan kwangila daga farkon 2021.

Mu namu tsarin akasin wannan ne. Wuƙa dubu ce a hannu dubu, a fili, iska na kaɗawa. In mahauci ɗaya ya kwanta, na kusa da shi zai yanka. Ba yabon ƙazantar kwata nake yi ba, duk wanda ya taɓa taka mayankarmu da damina ya san akwai gyara mai yawa. Amma dai babu wata ƙofa ɗaya da in an rufe ta Zariya za ta rasa nama. Inda namu ya gaza shi ne ajiya. Ba mu da ɗakunan sanyi da za a ce yau ba ciniki, a adana zuwa jibi. Kuma naman da ake ci a Kudu da ƙafarsa yake tafiya, da numfashinsa, maimakon a yanka a nan a tura shi a motar sanyi. Su mayanka ce maƙogwaronsu, mu kuwa titi da aljihun mai saye.

Masu kaji sun fi kowa ba ni tausayi. Duk wanda ya san Samaru ya san ɗalibai ne kasuwarta. To ga kulle, ga yajin aikin malaman jami'a da ya fara ran 23 ga Maris, bai ƙare ba sai 23 ga Disamba. Wata tara Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ba ɗalibai. Mai shayin da ke fasa kiret-kiret a dare ɗaya ya kife tebur, makarantun kwana a rufe, shirin ciyar da 'yan firamare da ke ɗauke ƙwai ya tsaya, ba biki, ba suna, ba taro a otal. Ita kuwa kaza ba ta san an yi kulle ba, kullum sai ta ci, kullum sai ta saka. Na ga wata Hajiya a unguwarmu mai kaji a bayan gida, kiret sun taru har sun kai taga a zafin Afrilu, tana aika yara gida-gida: "Ku ce wa Maman su ta karɓa, in Allah Ya hore ta biya." Ƙarshe kajin ta sayar a farashin nama don ta daina sayen abincinsu. Masu son zuba sababbin 'yan tsaki kuma ga matsala, domin yawancin 'yan kwana ɗaya daga wajen Ibadan ake kawo su, kuma ɗan tsako ba ya jure kwana a shinge.

Waɗanda suka daure suka riƙe kajinsu, masara ce ta jira su a gaba. Ita ce fiye da rabin abincin kaza, kuma zuwa tsakiyar damina buhunta ya kusa ninka kuɗinsa na farkon shekara. Ana cikin haka, a watan Yuli, Babban Bankin Nijeriya ya hana ba da dala don shigo da masara. Da kuka ya yi yawa sai aka ba kamfanoni huɗu izinin shigo da tan 262,000, aka kuma ce a saki tan 30,000 daga rumbun gwamnati. Ƙwan da a Afrilu ake roƙon mutane su karɓa bashi, kafin ƙarshen shekara ya zama abin da ake sayen ɗaya-ɗaya.

Wannan jinkirin shi ne abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Noma da lokaci yake tafiya, kuma damina ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Kwanakin kullen nan 75 sun cinye bazara gaba ɗaya, lokacin sharar gona, kai takin gargajiya, gyaran garma, neman iri. A ƙasar Zazzau ruwa kan zauna a ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, kuma masarar da aka makara shukawa ko aka makara ba ta taki, ba a rama mata daga baya. Mutumin da ke zaune a cikin Birni ko Sabon Gari yana noma a Soba ko Maigana sai ya bi ta barauniyar hanya kafin ya ga gonarsa. Irin da masana ke fitarwa a cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, su SAMMAZ na masara da SAMPEA na wake, ba ya isa ƙauye da kansa, sai ta hannun kamfanin iri da ɗan shago da malamin gona, kuma dukansu kullen ya taɓa su. Takin zamani ma haɗe-haɗe ne: ana kawo wani sinadarin daga Maroko, wani daga Rasha, yuriya daga wajen Fatakwal, sannan a gauraya a nan. Maganin ciyawa yawanci daga Sin da Indiya yake zuwa. Gwamnatin Tarayya ta ce ta rage buhun kamfa daga naira 5,500 zuwa 5,000, amma a watan Maris ɗin nan darajar naira ta faɗi, dala ta tashi daga 306 zuwa 360 a farashin gwamnati bayan da man fetur ya karye a kasuwar duniya, don haka duk abin da ya tsallako teku ya ƙara kuɗi.

Sai babbar tambaya: ina ƙaramin manomi ke samun kuɗin noma? Ba banki ba. Daga ci-rani yake samowa, acaɓa a Legas ko Abuja, dako, gini, sayar da rake. Ko kuma ya ja akuya biyu ya kai kasuwa ran da take ci. Kullen ya toshe duka biyun. Wanda ya saba zuba buhu huɗu ya zuba biyu, wanda ya saba ɗaukar 'yan ƙwadago biyar a noman firi ya fita da 'ya'yansa kawai. Ba a ganin wannan a Mayu. Sai a Oktoba, ran da aka ɗaure buhuna aka ƙirga.

Tarihi ya taɓa nuna irin haka. Marisuwar 1918, wato annobar mura, ta kashe mutane wajen rabin miliyan a Nijeriya, kuma masanin tarihi Don Ohadike ya nuna cewa ƙarancin hannun aiki bayanta na cikin abin da ya sa mutanen ƙasan kogin Kwara suka rungumi rogo, domin bai kai doya cin wahala ba. Wato garin kwakin da muke jiƙawa yau yana da dangantaka da wata annoba. Ebola ma a 2014 ta faɗa wa yankunan da ke noma shinkafar Laberiya da Saliyo da Gini, mutane suka ji tsoron taruwa, gayya ta mutu, girbi ya sha wuya.

Sai dai a yi adalci, kada a jibga wa korona kayan da ba nata ba. An rufe iyakokin ƙasa tun Agustan 2019, ba a fara buɗewa ba sai Disamban 2020. 'Yan bindiga sun riga sun hana noma a wurare da dama na Giwa da Birnin Gwari, kuma a farkon Maris ɗin shekarar, kafin kowa ya sa takunkumi, an kashe mutane wajen 50 a Kerawa da ƙauyukan kewayenta. Ambaliya ta cinye shinkafar Kebbi a ƙarshen damina, a Satumba kuma aka ƙara kuɗin fetur da na wuta. Korona ta tarar da jiki da rauni ne ta danna.

Duk wannan a tukunya yake ƙarewa. Masana in suna maganar wadatar abinci ba yawan abin da ke rumbu kawai suke nufi ba, har da ko mutum na iya sayensa, ko yana gina jiki, ko gobe ma za a samu. A lokacin kullen hatsi bai ɓace daga Zariya ba. Wanda ya ɓace shi ne kuɗin yau. Mai faci, tela, mai wankin hula, ɗan acaɓa, mai tallan koko, duk masu hannu baka hannu ƙwarya ne, abin da aka samo da rana shi ake aunawa da yamma. Ga shi azumi ya kama ran 24 ga Afrilu a tsakiyar kulle, ba tafsiri, ba tarawihi a masallaci, ba kunun sadakar da mabuƙaci ya saba dogara da shi a ƙofar masallaci. Gida in ya matsu akwai yadda yake ja da baya: nama ne ke fara fita daga miya, sai ƙwai da kifi, sai a rage mai, sai a koma tuwo da miyar kuka ba wake, daga nan a haɗe kalaci da na rana. Babba zai rame ya murmure. Yaron da ke ƙasa da shekara biyu kuwa, abin da ya rasa a waɗannan watanni yana iya binsa har girma.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun bi sawun abin: hauhawar farashin abinci tana kashi 14.85 cikin 100 a Janairun 2020, ta kai 19.56 a Disamba, ta kai 22.95 a Maris na 2021. A duba da kyau, mafi tsananin ya zo ne bayan an buɗe gari da watanni. A duniya kuma rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce mutane tsakanin miliyan 720 da 811 ne suka yi fama da yunwa a 2020, kuma a Afirka mutum ɗaya ne cikin biyar.

Tallafi fa? Shugaba Buhari ya ba da umarnin fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbun gwamnati a watan Afrilu. A raba wannan ga mutum miliyan 200 a gani, ko rabin mudu ba ya kaiwa kowa. Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne na Oktoba, bayan zanga-zangar EndSARS, da aka fasa ɗakunan ajiya a jihohi da dama har da Kaduna da Jos, aka ga kayan tallafin korona jibge, wata shida bayan lokacin da aka fi buƙatarsu. Hukumomi sun ce jiran rabo ake yi. A ganina ko da hakan gaskiya ne, abincin da bai iso ran yunwa ba ya riga ya saɓa alkawari. Waɗanda na ga sun tsallake da sauƙi su ne masu rumbu a gida, da masu ɗan'uwa a ƙauye da zai ɗauro rabin buhu a bayan babur ya biyo ta hanyar gona.

Maƙwabcina ya koma bakin teburinsa da aka sassauta a Yuni, amma jarin ya riga ya shiga ciki. Raguna biyu da ya turke don Babbar Sallah, wadda ta zo ran 31 ga Yuli, tun cikin azumi ya sayar da su don dusa ta gagare shi. Ya daɗe yana karɓar nama a hannun wani yana sayarwa a biya da yamma, kafin ya sake iya tsayawa a kara ya taya sa da bakinsa. Daga baya ya sayi tsohuwar firiza ya ajiye a zaure. Ranar da na shiga gaishe shi na ɗaga murfin, ba wuta tun jiya, sai na tarar ya zuba buhunan gishiri da barkonon tsire a ciki don kada ɓera ya taɓa.